Gidauniya, Bincike da Gonar Bagobiri



A tsakiyar shekarun 1960 Gidauniyar Ford ta Amurka ta ba da kuɗin kafa sashen binciken tattalin arzikin karkara a Samaru, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. David Norman da abokan aikinsa suka duƙufa a ƙauyukan Zariya, Sakkwato da Bauci, suna ƙidayar kwanakin aikin manomi da damman da ya ɗaure. A zamanin nan malaman gona da yawa suna ɗaukar haɗa gero, dawa da wake a gona guda rashin sani ne. Lissafi ya wanke manomi: shukar haɗi ta fi kawo amfani a kowace eka, in damina ta yi gardama kuma ba a rasa duka. Kuɗin nan bai tafi a banza ba, domin manomi aka fara tambaya.

To, mu dubi Sabon Birni da Isa. Tun 2019 'yan bindiga suka kori dubban mutane zuwa jihar Maraɗi. Wanda ya zauna kuwa, sau da yawa sai ya biya su haraji kafin ya taka gonarsa. Da wane lissafi gwamnati za ta tsara taimako? Eka nawa aka bari a fadamar Rima? Nawa kowane gari ya biya?

Gidauniya tana iya ɗaukar nauyin aikin, amma baƙo ba zai sami waɗannan amsoshi ba. Mu da iyayenmu ke can, mu za a gaya wa. Muna roƙon ƙungiyarmu ta rubuta takardar neman tallafin kafin hutun damina.