Halin Iska a Cikin Matsi: Dokar Boyle a Maƙera da Gona da Ɗakin Girki



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda iska takan yi idan aka matsa ta, ko kuwa aka sakar mata wuri. Darasi ne da ke farkon littattafan kimiyya, ɗalibai kan haddace shi da Turanci saboda jarrabawa, da an fito kuma su watsar. Amma wanda ya zaga Surko da sauran garuruwan ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa, zai tarar da wannan darasi a hannun maƙeri da wanzami da mai faci da manomin rani. Abin da ake so a nuna shi ne, idan aka fara koyarwa daga wurin waɗannan mutane, da harshen da ɗalibi yake tunani da shi, ilmin zai zauna, zai kuma tsare dukiya da rayuka.

Kalmomi uku

Bahaushe yana kiran abubuwa da dama da sunan iska: wadda ke kaɗawa, da wadda ake shaƙa, har da mutanen ɓoye. A nan ana nufin duk abin da ba shi da siffa tasa ta kansa, wanda ke bazuwa ya cika duk inda aka zuba shi. Wadda muke shaƙa gauraye ce: kashi 78 cikin 100 naitirojin, kashi 21 oksijin, sauran kuma 'yan tarkace. Wurin da iska ta cika, ko kwalba ko taya ko huhu, shi za a kira mazauni. Ƙarfin da take tura bangon mazaunin da shi kuwa, shi ne matsi.

Wajibi ne a gane tun farko cewa iska tana da nauyi. Wadda ke bisa kawunan mutane tana danna kowane ɗan fili mai faɗin farcen yatsa da nauyin kimanin kilo ɗaya. Wani Ba'italiye, Torricelli, ya nuna haka a 1643, da ya ga nauyin iska yana riƙe zaiba a cikin bututun gilashi har tsawon santimita 76.

Dokar Boyle

A 1662 Robert Boyle ya buga sakamakon gwajin da ya yi a Oxford ta ƙasar Ingila, inda Robert Hooke yake taimakonsa. Ya sami bututun gilashi mai lanƙwasa kamar kwagiri, gajeren ɓangaren a toshe, dogon a buɗe. Ya tsare iska a gajeren, ya dinga ɗura zaiba ta dogon yana aunawa. Sai ya ga duk lokacin da matsi ya ninka, mazaunin iskar ya koma rabi. Alal misali, iska mai cin lita 4, in aka ninka matsinta sai ta koma lita 2. In aka ƙara ninkawa, ta koma lita 1. Watau idan aka yi sau na matsi da mazauni, amsa ɗaya ake samu kullum, muddin zafi bai sake ba, iskar kuma ba ta zurare ba.

Dalilin haka sai a 1738 Daniel Bernoulli ya bayyana shi. Iska ƙwayoyi ce ƙanana waɗanda ido ba ya gani, kullum suna cikin gudu suna bugun bango. Yawan bugun nan shi ne matsi. A kwatanta da awaki ashirin a garke: in aka rage garken ya koma rabi, karon da za su riƙa yi da danga zai ninka, alhali ba a ƙara ko akuya ɗaya ba.

Maƙeri da wanzami

Yanzu a shiga maƙera. Zugazugi fatar akuya ce mai baki a sama da bututu a ƙasa. Yaron maƙeri yakan ɗaga fatar yana buɗe bakin, mazauni ya ƙaru, iskar waje ta kwararo ciki. Sa'an nan ya rufe bakin da hannu ya danna, mazauni ya ragu, matsi ya hau, iska ta rasa mafita sai bututun da ya nufi gawayi. Ana yin su biyu ne don in ɗaya na ɗauka ɗaya na bayarwa, wuta ba ta numfasa ba.

Ƙahon wanzami kuwa ɗaya gefen dokar yake nunawa. Idan ya kifa ƙaho a jiki ya zuƙa ta ɗan ramin da ke tsininsa, ya ƙara wa iskar ciki wuri ke nan da bakinsa, saboda haka matsinta ya faɗi. Da ya toshe ramin, iskar waje mai cikakken matsi sai ta danne ƙahon ya manne, fata ta kumbura zuwa ciki, jini ya biyo tsagar. Jama'a kan ce ƙaho yana ja, amma a haƙiƙa turi ne daga inda matsi ya fi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci.

Haka sirinjin malamin asibiti yake ɗaukar magani. Haka kuma ɗan Adam yake numfashi: tantanin da ya raba ƙirji da ciki ya sauka, ƙirji ya buɗe, matsin huhu ya ragu, iska ta shiga.

Manomin rani

Wannan magana ta turi tana da amfani ga ma'aikatan gona da na ruwa. Injin ban-ruwa da ake girkawa a bakin fadama rage matsi yake yi a cikin mesa, nauyin iskar sama ya turo ruwa ya hau. To, nauyin nan yana da iyaka: ba ya iya ɗaga ruwa fiye da mita 10 da 'yan kai, a aikace ma da ƙyar a wuce mita 7 ko 8. Saboda haka idan rani ya yi nisa ruwa ya yi ƙasa, sayen babban inji ba zai yi magani ba, sai dai a saukar da injin kusa da ruwan. Shi ya sa a rijiyar burtsatse ake zura famfon can cikin ruwa, ya riƙa turowa daga ƙasa. Haka nan ɗan huji a jikin mesa ya isa ya hana inji ɗauka, don iska ta sami ƙofa. Jami'in da ya san wannan zai hana manomi asarar kuɗi.

Idan zafi ya shigo

Boyle ya sa sharaɗin kada zafi ya sake. A ƙasar Hausa kuwa zafi ba ya zama wuri ɗaya. Faransawa biyu, Jacques Charles wajen 1787 da Gay-Lussac a 1802, su suka auna yadda zafi ke buɗa iska. In aka ɗumama ta, ƙwayoyinta kan ƙara gudu. In akwai wuri sai ta buɗe. In kuwa a kulle take, matsi ne zai hau.

A ɗauki motar da ta taso daga Kano ta bi ta Wudil zuwa Birnin Kudu da bazara. Idan an ba taya iska da safe zafi yana digiri 27, kwalta da gudu suka kai iskar ciki digiri 57, matsinta ya ƙaru da kashi 10 cikin 100. Lafiyayyar taya za ta jure wannan. Tsohuwa wadda ta suɗe, an cika mata iska fiye da ƙima, an kuma yi wa motar lodin da ya wuce misali, ita ce abin tsoro. Maganin abin shi ne a auna taya tana da sanyi, da ma'auni, a bar dogara ga bugun ƙafa.

Tukunyar gas ta girki ta fi wannan bukatar lura. Abin da ke cikinta an matsa shi ne har ya zama ruwa, shi ya sa ake jin motsinsa in an girgiza. Ƙa'ida ita ce a bar kimanin kashi 20 cikin 100 na tukunyar babu ruwan, domin ya sami wurin buɗewa idan ya ji zafi. Mai sayarwa da ya cika ta maƙil, da uwargidan da ta ajiye ta a rana ko kusa da murhu, duk sun sa gida cikin haɗari. Bugu da ƙari wannan gas ya fi iska nauyi, in ya zurare ƙasa yake kwanciya. Wanda ya ji warinsa ya buɗe ƙofa da taga, kada ya ƙyasta ashana, kada ya taɓa makunnin lantarki. Gwangwanin maganin sauro ma, ko ya ƙare, ba a jefa shi a wuta.

Kammalawa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Malamin kimiyya a Birnin Kudu ko Gwaram ba ya bukatar zaiba ko kayan ƙasar waje kafin ya koyar da wannan babi. Sirinji marar allura ya isa: ɗalibi ya toshe bakinsa da yatsa ya danna, ya ji iska tana mai da hannunsa, ya karanta lambobin da ke jiki. Daga nan a kai aji maƙera, a tambayi maƙeri, sa'an nan a dawo allo a rubuta lissafi. Aikin da ya rage wa masana Hausa da malaman kimiyya shi ne su zauna tare su daidaita kalmomi irin su matsi da mazauni, hukumomin ilmi kuma su sa su cikin littattafan makaranta.