Tsohon Karenmu Ya Kurumce: Yadda Muke Zama Da Shi Yanzu

Yau daga Dayi nake magana, nan ƙaramar hukumar Malumfashi, kuma zancen kare za mu yi. Na san wani zai ce, “Kare kuma?” E, kare. Duk wanda ke kwana da shanu a turke ko buhunan masara a zaure, a yankin nan namu da kowa ya san halin da tsaro ke ciki, ya san darajar haushin kare da tsakar dare.

Namu sunansa Duna, shekararsa 11. A da, tun babur ɗin Baba yana bakin titi zai miƙe yana kaɗa wutsiya. Yanzu sai ka yi fito har bakinka ya gaji, ko kunne ba zai motsa ba. Yara suka ce taurin kai ne. Wani maƙwabci ma cewa ya yi, “Alhaji, a rabu da shi tun bai haukace ba.”

To nan ne nake so mu tsaya, domin a kan irin wannan maganar ake kashe karnuka a banza. Kurumta daban, ciwon hauka daban. Karen da ya kamu da hauka, halinsa kan canza cikin 'yan kwanaki, ga dalalar yawu, ga kasa haɗiya, kuma da wuya ya wuce kwana 10 bai mutu ba. Shi kuwa kurma yana cin tuwonsa, yana shan ruwansa, wata da watanni. Tsufa ne kawai. Yawanci daga shekara 8 zuwa 10 jin kare ke fara raguwa, a hankali, shi ya sa ba a lura da wuri.

Amma fa ba kowace kurumta ce ta tsufa ba. In ka ga yana yawan kaɗa kai, yana sosa kunne, ko kunnen yana wari, wannan ciwo ne, kuma ana iya maganinsa. A kai shi wurin likitan dabbobi a Malumfashi ko Funtua, in abin ya gagara akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Don Allah kar a zuba manja ko kananzir. Shi kansa gentamicin da mutane ke ɗigawa, in dodon kunnen ya fashe, yana iya ƙarasa jin gaba ɗaya.

Mu dai namu, likita ya ce na tsufa ne, ba ya warkewa. Sai muka canza yare. In ina son ya zo, sai in tsaya inda zai gan ni, in buga cinya da tafin hannu. In ɗaga hannu, ya tsaya. Da dare tocila ce: kunnawa biyu, ya san abinci ya sauka. Wallahi cikin sati uku ya gane, ya fi wasu ƙannena saurin ɗaukar karatu.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne barcinsa. Kurman kare barci yake mai nauyi, in aka taɓa shi ba zato yana iya kai cizo don firgita. Dokar gidanmu yanzu: ba yaron da zai taɓa Duna yana kwance. Ka buga ƙafa a ƙasa kusa da shi, zai ji motsin a jikinsa ya farka. In kuwa tsautsayi ya sa kare ya ciji wani, ko wane kare ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a nufi asibiti. Allurar rigakafin hauka kuma a yi wa kare duk shekara.

Sai titi. Kun san hanyar Gwarzo zuwa Kano da manyan motoci, ga 'yan acaba. Ba ya jin oda, don haka mun daina barinsa yawo. In za mu gona, da igiya ake tafiya.

Gadin fa? Hancinsa na nan garau. Mun kawo ɗan kwikwiyo, shi ne kunnen gidan yanzu. Da ya zabura, tsohon zai gani ya tashi, kuma muryar tsohon ita ɓarawo ke tsoro.

Wanda ke da tsohon kare a gida, ya gaya mana alamar da yake kiransa da ita. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.