Jawabi Kan Ƙudan Zuma Da Ke Sauka Kusa Da Gidajenmu

Yau za mu yi magana ne a kan ƙudan zuma, da abin da ya kamata mu yi idan sun sauka a bishiyar ƙofar gida. Abin da muka saba shi ne a jira dare a kawo wuta. Ta haka jinka da rumbu ke kamawa, a kuma kashe masu taimakon kabewa da kankana da riɗinmu su yi 'ya'ya.

Kowace amya tana da uwa guda ɗaya. Wasu suna kiran ta sarkin zuma, amma mace ce. Aikinta saka ƙwai, kuma lokacin furanni takan saka fiye da 1,000 a rana. Bayan kwana 3 ƙwai ya zama tsutsa, a ciyar da ita, a rufe raminta da kaki. Cikin kamar mako 3 ma'aikaciya ta fito. Takan fara da shara da reno, sai ta yi ƙwari take fita neman ruwan fure. Idan aiki ya yi yawa, kamar mako 6 ne rayuwarta.

To, idan amya ta cika, sai su yi renon sabuwar uwa, tsohuwar ta tashi da kusan rabin jama'arta. Su ne muke gani sun dunƙule a reshe. Waɗannan matafiya ne. Sun cika ciki da zuma kafin su taso, ba su da 'ya'ya ko saƙa da za su kare, shi ya sa ba su cika faɗa ba. Hutawa suke yi, wasu cikinsu sun tafi neman kogo. Daga 'yan awoyi zuwa kwana 2 ko 3 za su wuce. Namu kawai mu janye yara, mu ɗaure dabbobi nesa, kada a yi jifa. Mai amya kuwa, ya samu a kyauta.

Waɗanda suka riga suka yi saƙa cikin rufi ko kogon bishiya, maganarsu dabam ce. Suna tsaron 'ya'yansu, kuma zumar ƙasarmu akwai zafin rai. Ƙarar injin niƙa ma tana iya tayar da su. Nan sai a kira wanda ya san aikin, mai hayaƙi da rigar kariya.

Da rani kuma za mu gan su a bakin rijiya. Ruwa suke ɗiba don sanyaya amya. A ajiye masu a kasko nesa da hanya, da 'yan tsakuwa ciki don kada su nutse.

Idan sun taso wa mutum, ya rufe fuska ya ruga cikin ɗaki. A kankare ƙarin da farce nan da nan, domin warinsa yana kiran sauran. Wanda fuskarsa ko harshensa ya kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya, a garzaya da shi asibiti ba jira.