Kyamara a Hannun Keke: Jawabi ga 'Yan Kasuwa da Iyayen Yara

Na roƙi aron kunnuwanku ne a kan wata 'yar na'ura da ba ta fi akwatin ashana biyu girma ba, wadda ta fara kawo mana masu rauni ɗakin shan magani.

Duk mai bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya ta Ɗan Isa ya ga samarin nan da ke ɗaura ƙaramar kyamara a hannun kekensu, irin su GoPro da masu kwaikwayonta, wasu kuma wayar salula ce suke maƙalawa. Suna ɗaukar bidiyon tafiyarsu su ɗora a TikTok. Ban zo in ce a hana su ba. Hasali ma, kyamarar da aka ɗaure ta fi mini wayar da yaro ke ɗagawa da hannu guda, ya bar ɗayan hannun shi kaɗai da tuƙi da birki. Damuwata tana kan inda idon mahayi yake.

Mu yi lissafi tare. Keken da ke gudun kilomita 18 a awa yana cin mita 5 a kowace daƙiƙa. Yaro ya sunkuya daƙiƙa uku don ya duba ko kyamara tana ɗauka, ya yi tafiyar mita 15 ke nan kamar makaho. A bakin kasuwa, mita 15 ta ishi amalanke ya fito, ta ishi akuya ta gitta, ta ishi yarinya mai talla ta tsallaka titi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma fiye da rabin waɗanda ke mutuwa a hanya masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur.

Kwanakin baya wani bawan Allah ya kawo mini ɗan ƙanwarsa, yaro ɗan shekara goma sha biyar, da gwiwa a kurje. Yaron ya ce santsi ne kawai, a wanke masa ciwo ya koma aiken mahaifiyarsa. Da na ga kyamara a kekensa sai na ce a kunna mini. Muka ga hannunsa ya miƙo zai gyara ta, muka ga jaki ya fito daga lungu, sai hoto ya juya yana kallon sama. Na ƙirga: kusan minti guda ba motsi, ba murya. Ashe suma ya yi, shi kansa bai sani ba. Nan take na tura su babban asibiti, kuma kafin su isa ya yi amai sau biyu. Alhamdu lillahi ya warke. Amma da na ɗauki maganarsa, da gida ya koma ya kwanta.

Saboda haka, in ɗanku ya faɗi da kyamara a keke, kada ku bari ya goge bidiyon don kunya ko tsoron faɗa. Ku zo mana da shi. Yana gaya mana abin da mai rauni ba ya iya tunawa: ko kai ya bugu, da tsawon lokacin da ya yi a kwance.

Bugun kai mayaudari ne. Mutum kan tashi ya karkaɗe riga, har ya ci tuwo, alhali jini na taruwa a hankali cikin ƙoƙon kansa. Iyayena mata, ku ne ke kwana da su, ku sa ido kwana biyun farko. In kun ga amai na maimaituwa, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko barcin da ake tashinsa da ƙyar, ko magana ba kan gado, ko farfaɗiya, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, kada ku jira gari ya waye. Ku nufi asibitin da ya fi kusa, ko a Nijar yake ko a Nijeriya. Wanda kuma ke kukan wuya bayan faɗuwa, kada a ɗaga shi a zaunar. A riƙe kansa daidai da jikinsa har a ɗauke shi a kwance. Ƙurjewa kuwa, ruwa mai tsabta da sabulu ne maganinta na farko. Ban da toka, ban da baƙin mai, kuma a zo a duba ko yana bukatar allurar tetanus, ciwon nan mai sarƙe haƙora.

Ku kuma ƙannena masu keke, ku ɗaure kyamarar tamau a tsakiyar hannun keke, inda ba za ta danne wayar birki ko ta tare ƙararrawa ba. Ku kunna ta kuna tsaye, ku kashe ta kuna tsaye. In ta karkace a hanya, ku bar ta a karkace har ku sauka. Wanda ya iya tara kuɗin kyamara zai iya tara na hular kwano, kuma da ni ce uwarsa, hular zai fara saya. Sa'annan ku kashe ta kafin shingen jami'an iyaka, kada kuma ku ɗauki matan mutane a rumfunansu ba da yardarsu ba.

Mai tambaya ya same ni bayan la'asar, ina nan wajen teburin awon jini. Allah Ya ba da kasuwa, Ya mai da kowa gida lafiya.