Jawabi ga iyaye: a bar 'yan matanmu su fito wasa

Mun gode da kuka bar ayyukanku kuka zo. Mu ne masu fassara muku maganar jami'ar kariya. Yau ma da yawunta muke magana, amma abin ya shafe mu, don mu ma muna da ƙanne mata.

Ga abin da muka lura da shi a nan Sabha. Yarinya tana shekara takwas tana tsere, tana gaɗa, tana tsallen igiya. Da ta kai 12 ko 13, jiki ya fara canzawa, sai a daina ganinta a fili. Mun zauna da 'yan matan, sun faɗa mana dalilai huɗu.

Na farko tsoro ne. Tsoronku yana da tushe: a garin nan ana sace baƙi don kuɗin fansa, ana kama marar takarda. Saboda haka ba titi za su fita ba. Wasan a cikin fili mai katanga za a yi, mata zalla, mai koyarwa ma mace. Za a fara bayan La'asar, rana ta yi sanyi, a tashi kafin Magariba. Uwa ko yaya ta rako, ta zauna ta gani.

Na biyu sutura da al'ada. Babu wadda za a ce ta cire hijabi. Tun 2014 dokar ƙwallon ƙafa ta duniya ta amince da rufe kai, kuma a 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya da hijabinta. Dogon wando da riga mai yalwa sun isa. Wadda take al'ada ta tambayi audugar mata a keɓe. Motsa jiki kaɗan ma yakan rage ciwon mara.

Na uku aikin gida. Ita ce ɗiban ruwa, ita ce raino, ita ce wanke-wanke, yayanta kuwa yana wajen ƙwallo. Awa ɗaya muke roƙo. Namiji ma zai iya ɗaukar jarka.

Na huɗu bakin mutane, wai budurwa mai gudu ba ta da kunya. Malamanmu sun san ruwayar da ta nuna Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha. Asisat Oshoala ta Najeriya, iyayenta ma da farko ba su so ta yi ƙwallo ba, amma sau 6 ana zaɓen ta gwarzuwar Afirka. Cindy Ngamba, haifaffiyar Kamaru, ita ce ta fara ciyo wa tawagar 'yan gudun hijira lambar Olamfik, a Faris a 2024.

Me ya sa muka damu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na minti 60 kowace rana. Bayan lafiyar jiki, akwai ta zuciya. Yaranmu sun ratso sahara, sun ga abin da babba ma ba ya son tunawa. Yarinyar da ta wuni a ɗaki ita kaɗai, damuwa ce abokiyarta, barci ma yakan gagare ta. Idan wani yana cutar da ita, wa za ta faɗa wa? A wajen wasa take samun ƙawa, ƙawa kuma ke jawo ta wurin wadda za ta taimaka.

Baba, mama, ba mu ce ku yarda yau ba. Ku zo ku duba filin, ku yi wa mai koyarwa duk tambayar da kuke so. Wanda yake da magana ta sirri ya same mu bayan taro, za ta tsaya tsakaninmu da jami'ar kariya. Allah ya raya mana su, ya ba mu zaman lafiya.