Rumfar Zaɓe a Harabar Makarantarmu

Shugaban reshe, iyayenmu da suka yi ritaya, 'yan'uwana malamai na Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa.

A inuwar darbejiyar makarantunmu ake kafa rumfar zaɓe. A nan na ga yaron da na koya wa haɗa baƙi a aji biyu, ya zama saurayi, riƙe da gora, yana zagin dattijon da ya haifi ubansa, a kan abin da bai kai kuɗin kwanon gero ba. Daren nan tuwo bai ciwu ba.

Alhali matasa irinsa ne suka ɗauko fafutukar Not Too Young To Run a 2016, ba tutar jam'iyyar kowa. Suka bi majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya, domin gyaran tsarin mulki sai da amincewar aƙalla 24 cikin 36. Ranar 31 ga Mayu, 2018, Shugaba Buhari ya sa hannu, shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai suka sauko daga 30 zuwa 25. Ba a fasa kan kowa ba. Kuɗin fom dai har yau ya fi ƙarfin ɗan malami, wannan da sauran aiki.

Roƙona ga reshe shi ne, kafin zaɓen ƙananan hukumomi, mu gayyaci masu neman kansila daga kowace jam'iyya zuwa taron iyaye da malamai, su amsa tambaya kan rufin azuzuwa da kujeru, bisa sharaɗin ba zagi, ba habaici. Zan fara da makarantarmu, in hedimasta ya ba da aji.