Yaranmu da Buga Dara da Inji Mai Ƙwaƙwalwa: Jawabin Kwamitin Matasa



An umarce mu da mu yi bayani a kan kukan da wasu iyaye suka kawo, cewa yara sun duƙufa a kan waya suna buga dara da inji, ba ji ba gani. Wasu sun ce a hana kawai. To, mu dai ra'ayinmu shi ne a gyara, kada a hana.

Dara ba baƙuwarmu ba ce. A gida ramuka 30 ake tonawa a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya. Da muka zo Kudu mun tarar da ayo wajen masu masaukinmu Yarbawa, ga kuma diraf a tashoshin mota. Wadda yaranmu suka kama yanzu ita ce darar Turawa, wato ces, mai gidaje 64. Kuma a lura, ba maganar caca muke yi ba. Inda kuɗi ya shiga, mu mun fita.

Da farko mu san ƙarfin abokin karawar nan. A 1996 zakaran duniya Garry Kasparov ya doke injin kamfanin IBM mai suna Deep Blue. Shekara na zagayowa, a 1997, injin ya rama, ya kayar da shi a Amurka. Yau kuwa akwai Stockfish, wanda ake samu kyauta, kuma ko a cikin waya ya fi wancan injin ƙarfi nesa ba kusa ba. Saboda haka yaron da ya sake wa injin ƙarfinsa duka, tamkar an haɗa sabon ɗan dambe da Shago ne. Zai sha ƙasa bai ma san ta inda hannu ya shigo ba, balle ya koyi wani abu.

Sai ku ce, ai ana rage masa ƙarfi. Haka ne, amma a nan gizo ke saƙa. Injin da aka rage wa ƙarfi ba mancewa ya yi ba, umartarsa aka yi ya riƙa kuskure da gangan. Sai ka ga ya yi wasa goma irin na gwani, can kwatsam ya yar da sarauniyarsa ba gaira ba dalili. Mutum ba haka yake kuskure ba. Mutum kwaɗayi ke kai shi, ko tsoro, ko gaggawa, ko gajiya. Yaron da ya saba da inji sai ya koyi zaman jiran kyauta, ranar da ya zauna gaban ɗan Adam kuma kyautar ba ta zuwa. Don maganin wannan ne a 2020 masana daga jami'o'in Toronto da Cornell da kamfanin Microsoft suka fito da wani inji mai suna Maia, wanda aka horar da miliyoyin wasannin mutane don ya riƙa kuskure irin namu. Ana samunsa kyauta a Lichess, kuma shi muka fi so wa masu koyo.

Amma mu ba injin haƙƙinsa. Ba ya gajiya, ba ya yi wa yaro dariya, kuma ana iya jera masa matsala ɗaya sau ashirin bai ce uffan ba. Misali, a bar wa yaro sarki da sarauniya, a bar wa inji sarki kaɗai, ya yi ta maimaitawa har ya iya rufe shi ba tare da inda-inda ba. Wane babba ne cikinmu zai bar kasuwa ya yi wannan haƙuri? Sharaɗinmu guda ne: in wasa ya ƙare, yaro ya fara laluben inda ya ɓata da kansa kafin ya tambayi inji.

Ga Tunde Onakoya nan, wanda ya yi awa 60 yana buga ces a birnin New York a 2024. A shagon aski a Ikorodu ya fara koyo, cikin mutane, kuma ƙungiyarsa da ya kafa a 2018 allo take ɗauka ta kai wa yaran unguwannin talakawa na Ikko.

Don haka roƙonmu ga ƙungiya shi ne ta saya mana alluna, ta kuma ba mu aron ɗakin taro duk Asabar bayan la'asar, yara su kara da junansu, a ajiye waya a bakin ƙofa. Dattawan da suka iya darar gida, don Allah ku zo mana da 'ya'yanta. Mai son a sa ɗansa ko 'yarsa sai ya ba da suna wajen sakatare kafin a tashi.